Yadda ake shirya hutun kaka cikin jirgin ruwa a tsibiran Salum daga Yamai

Mutanenmu da yawa sun san Kaulaha. Kowace shekara ana tashi daga Yamai da Dosso da Kiota da Tawa zuwa ziyarar Madina Baye, garin Shehu Ibrahim Inyas, a yi kwanaki a komo. Kaɗan ne cikin masu zuwa suke bin kogin nan na gefen gari, Salum, su ga inda ya nufa. In ka bi shi yamma zuwa teku, sai ya rarrabu manyan rassa uku, Salum da Diombos da Bandiala, da ƙananan mashigai barkatai waɗanda mutanen wurin ke ce wa bolong. Tsakaninsu akwai tsibirai sama da 200. Gwamnatin Senegal ta keɓe wani yanki nasa ya zama gandun ƙasa a 1976, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Ga wanda ya tashi a ƙasar da ba ta da teku, nan ne wuri mafi sauƙi da zai fara kwana a kan ruwan gishiri: kuɗinmu ɗaya, Faransanci yana aiki, yawancin ƙauyukan na Musulmi ne, tsibiran kuma sun tare igiyar teku.

Mataki na farko: tsayar da lokaci

Damina a can takan kai cikin Oktoba. Farkon Oktoba akwai zafi mai gumi, sauro ya yi yawa, hadari kuma kan taso da iska ba sallama. Saboda haka ka sa ranka daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, Nuwamba ya fi. A lokacin ƙasa tana kore shar, iskar arewa ta fara kaɗawa ba ta kai ƙarfin da take yi a Janairu da Fabrairu ba, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun fara sauka, masu yawon buɗe ido na ƙarshen shekara kuma ba su cika masaukai ba tukuna.

Bayan watan Bature sai ka dubi watan sama. Shawarata ka shiga jirgi wajen 8 ko 9 ga wata, ka fita wajen 14 ko 15. Dalilin yana cikin mataki na biyu.

Mataki na biyu: koyon cikar ruwa da janyewarsa

Wannan shi ne abin da ɗan Yamai bai saba da shi ba, kuma duk tafiyar a kansa take. Kogin Isa yakan cika a hankali cikin watanni, ya ja da baya a hankali. Ruwan Salum kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa, a cikin awa 24 da minti 50. Daga cika zuwa janyewa awa 6 ne da ƴan mintoci. In jadawali ya ce yau ruwa zai cika ƙarfe 10 na safe, to wajen 4 da minti 10 na yamma ya gama janyewa, gobe kuma cikar za ta koma wajen 11 saura minti 10. Kullum tana makara da kusan minti 50.

Tazarar tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa ba ta da yawa, mita guda ce ko fiye da haka kaɗan. Amma a wurin da ruwan bai wuce ƙugu ba, mita guda ita ce tsakanin wucewa da kwana a laka. Za ka ga mashigi da safe ya cika dam har ganyen itatuwa na taɓa ruwa. Ka komo da la'asar ka tarar da fili na baƙar laka, ƙananan ƙaguwa suna ta kai da kawowa a kai, kwalekwalen da aka ɗaure ya kwanta a gefe guda, saiwoyin itatuwan nan na ruwan gishiri da ake kira mangurof sun fito tsirara da kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, manne a jikinsu.

Ruwan ba ya tafiya da gudu ɗaya. A awar farko bayan ya juya kaɗan yake motsi, haka ma a ta shida. A awa ta uku da ta huɗu ne rabin ruwan gaba ɗaya yake wucewa, lokacin nan ne yake da ƙarfin ja. Kada kowa ya shiga wanka a tsakiyar mashigi a wannan lokaci, ko da ya iya iyo.

Wata ne yake juya abin. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, wato wajen 1 da wajen 15, ruwa yakan cika fiye da kima ya kuma janye fiye da kima. Wajen 7 ko 8, da wajen 22 ko 23, tazarar takan ragu, jan ruwa ya yi sanyi. In ka fara tafiya 8 ga wata, kwanakin farko da ba ku saba ba ruwa yana da lafiya, sannan cikar kowace rana ta ɗara ta jiya. Ko jirgi ya hau yashi yau, ruwan gobe zai ɗauke shi. Wanda ya maƙale a kan babbar cikar 15 ga wata kuwa yana iya daɗewa, don ruwan da ke biye ƙasa yake yi. Ga kuma farin wata da dare yana ƙaruwa har ranar fita.

Daga nan doka ɗaya ta fito: ƙaramin mashigi, da ruwa mai hawa ake shigarsa, ba da mai sauka ba. Akwai jadawalin cika da janyewa a intanet da cikin manhajojin waya, ka sauke na Dakar ko na Djiffer, ƙauyen da ke bakin teku inda Salum ke shiga, tun kana gida. Ka tuna abu biyu. Agogon Senegal yana bayan namu da awa guda, don haka ka gyara waya da ka sauka. Sannan cikar tana makara gwargwadon nisanka daga bakin teku, ruwan da ya cika a Djiffer sai an jima yake kai Foundiougne, garin da ke can cikin kogin. Jadawalin na taimakonka ne ka fahimci abin da matuƙi yake yi. In ya ce a tashi ƙarfe 5 na asuba ko a jira sai bayan azahar, ba gardama.

Mataki na uku: takardu, kuɗi, hanya

Nijar ta fita CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta sanar cewa ƴan Nijar da Mali da Burkina za su ci gaba da shiga ƙasashenta ba biza har sai an ga hali. Ka tafi da fasfo mai sauran wa'adi, ka kuma tambayi kamfanin jirgin sama abin da ake nema a ranar da za ka yanki biye. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ya kasance tare da fasfon.

Akwai wani dalili na riƙe takardu a jiki. Gaɓar tekun nan tana cikin wuraren da kwalekwalen masu ƙaura zuwa tsibiran Kanari na Sifen ke tashi. Samari baƙi da jakunkuna a bakin ruwa suna iya gamuwa da tambayar jandarma. Biyen komawa da takardar masauki ko saƙon mai jirgi a waya sun isa amsa.

Hanyar mota ta Burkina da Mali kwanaki ce, ga halin tsaro da kowa ya sani. Mai iyali ya bi sama. Daga filin Diori Hamani za ka sauka filin Blaise Diagne da ke Diass, wanda aka buɗe a 2017. Yana kudu maso gabashin Dakar, a kan hanyar da za ka bi, don haka ba dole sai ka shiga cunkoson birnin ba. Daga nan mashiga uku ce: Ndangane ko Djiffer ta arewa, Foundiougne ta Fatick inda gada ta maye gurbin jirgin fito a 2022, sai Toubacouta ta kudu. Wanda zai haɗa da ziyara ya fara da Kaulaha, kusan kilomita 190 daga Dakar, ya bi hanyar Sokone ya sauka Toubacouta.

Kuɗi sefa ce irin tamu, ba canji. Ka ciri tsaba a Mbour ko Fatick ko Kaulaha, ƙananan takardu na jikka ɗaya da biyu da biyar, don a tsibiri samun canjin jikka goma aiki ne. Wave da Orange Money suna aiki sosai a ƙasar in ka sayi layi. Masu manyan jirage sukan faɗi kuɗi da yuro, yuro guda kusan sefa 656 ce, wato kusan dala 131.

Mataki na huɗu: zaɓen jirgi da matuƙi

Jirgi iri biyu ne. Akwai mai tafiya da iska, mai dogon sanda da ƙyalle, da ɗakunan kwana da madafa da makewayi a ciki. Irinsa sukan tsaya a Hann, wurin ƙungiyar Cercle de la Voile de Dakar, wasu kuma suna zaune a Salum ɗin. Akwai kuma babban kwalekwale na masunta mai injin, wanda ke kai ku tsibiri ku kwana a masaukin ƙauye, da safe ku ci gaba.

Na iskan ya fi tsada, amma daɗinsa daban ne: in aka kashe injin aka ja ƙyalle, ba ka jin komai sai ruwa a jikin jirgi. Aibinsa yana da ƙarfe mai nauyi a ƙasa da ke shiga ruwa mita ɗaya da rabi ko biyu, don haka ƙananan mashigai sun fi ƙarfinsa, sai a bar shi a babban reshe a shiga ƙaramin jirgin roba. Mai ciki biyu, katamaran, bai kai haka nutso ba, ba ya kuma tangaɗi sosai, shi ya fi dacewa da masu yara da tsofaffi. Kwalekwale kuwa ko'ina yana shiga, kuɗin kuma a hannun mutanen ƙauye yake tsayawa. In aljihu ya yarda, a haɗa: kwana uku a na iska, saura a kwalekwale.

Wani zai ce ku hau daga Dakar ku gangaro ta teku. Tafiyar kusan mil 60 ce ta ruwa, kowane mil mita 1852, yini guda cur ke nan ko dare guda, cikin igiya da tarun masunta da kwalekwalen da ba fitila. Ga wanda bai taɓa hawa teku ba, wannan ba hutu ba ne. Ku hau a cikin Salum.

Kafin ka ba da ko dala, ka yi waɗannan tambayoyi, ka ga amsar da idonka in ka iso. Rigunan ceto nawa ne, akwai na yara? Kowa da tasa, kuma a sa ta, ba a zauna a kanta ba. Mutum nawa aka yarda jirgin ya ɗauka? Ƴan Senegal ba su manta da Joola ba, jirgin da ya kife ranar 26 ga Satumban 2002 da lodin da ya ninka ƙa'idarsa, mutum sama da 1800 suka rasu. A Bétenti ma, cikin tsibiran nan, kwalekwale ya kife a Afrilun 2017 da matan da suka fito ɗibar kawa da katantanwa, kusan 20 suka rasu. In ka ga lodi ya yi yawa, ka sauka, ko an ce maka matsoraci. Ka tambaya ko akwai man ajiya da anga mai doguwar igiya da fitila, da abin tuƙi na hannu ko da injin zai mutu. Ka tambaya ko yana bin sanarwar ANACIM, hukumar yanayi ta ƙasar, wadda ke gargaɗin masunta in teku za ta ɓaci.

Sai babbar tambaya: ɗan ina ne? Tudun yashin ƙarƙashin ruwa yana ƙaura, taswira ba ta cim masa. A 1987 teku ta fasa zirin yashin Sangomar da ke kudu da Djiffer, ta mai da ƙarshensa tsibiri, ɓarakar kuma ta yi ta faɗi har ta kai kilomitoci. Masuntan wurin, Niominka, wani reshe na ƙabilar Serer, su suka san inda ruwa yake bana. Ko mai jirgin Bature ne, ka fi natsuwa in akwai ɗan tsibiran tare da shi. Za ka gan shi tsaye a goshin jirgi da doguwar gora, yana caka ta a ruwa yana duban inda jiƙa ta tsaya, yana nuna wa na baya dama ko hagu da hannu ba tare da ya waiwaya ba.

A yi ciniki a kan komai tun farko, a rubuta: mai, abinci, ruwan sha, kuɗin shiga gandu, kwanan matuƙi da yaronsa, da abin da za a yi in iska ta hana fita. A ba da kafin alƙalami, cikon sai an sauka.

Tun a Yamai akwai gwajin da ba ya cin kuɗi sosai. Ka kwashi waɗanda za ku tafi tare ku hau kwalekwale a kogi da yamma, awa guda. Nan za ka gane wanda ke riƙe gefen jirgi da hannu biyu. In Hajiya ta ce ita a tudu za ta kwana, sai a tsara tafiyar da masaukai.

Mataki na biyar: kaya

Jaka mai laushi, ba akwati ba, don a jirgi ba wurin ajiye shi. Gidan sauro, man shafawa na korar sauro, riga mai dogon hannu saboda magariba, lokacin da wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke fitowa daga laka. Takalmin roba mai rufe ƙafa wajibi ne, ɓawon kawa yana yanka kamar reza, silifa kuma laka ke cinye ta. Malfa ko rawani, tabarau, rigar sanyi mara nauyi don asuba. Waya da fasfo a cikin leda mai zif, gishiri ba ya barin ƙarfe. Batirin cajin waya da tocila.

Ruwan rijiyoyin tsibirai da yawa yana da gishiri-gishiri. A lissafa lita 3 zuwa 4 ta sha ga kowane mutum a yini, a saya a babban gari. Ka ga likita kafin tashi a kan maganin zazzaɓin sauro da na tashin zuciya. Na tashin zuciya kafin a hau ake shansa. Wanda jiri ya kama ya fito sarari ya kafa ido a kan gaɓa mai nisa, ya tauna citta, kada ya shige ɗaki ya kwanta da waya a hannu.

Mataki na shida: tsara zango

Ga tsari na kwana shida daga arewa zuwa kudu. Mai fitowa daga Kaulaha sai ya juya shi.

Ranar farko kada a yi nisa. Daga Ndangane a haye zuwa Mar Lodj, tafiyar ƴan mintoci. Amalanken doki ne motar tsibirin. Akwai masallaci da coci, a tsakiyar gari kuma za a nuna muku rimi da maɗaci da giginya da suka tsiro a sarƙe da juna.

Rana ta biyu a gangara wajen Djiffer a ga Sangomar daga nesa, a kwana Dionewar. Kusa da ɓarakar nan ne kaɗai za ku ji igiyar teku sosai, don haka da safe ake wucewa kafin iska ta tashi. Rana ta uku Niodior da Falia, garuruwan masunta, inda mata ke dafa katantanwar ruwa su ɓare su shanya, ɓawon kuma a zuba har ya zama daɓen titi.

Wannan zubin ɓawo ba yau aka fara ba. An ƙidaya tuddai 218 a yankin waɗanda mutane suka tara da ɓawon abin da suka ci cikin ɗaruruwan shekaru, 28 daga ciki akwai kaburbura a kansu. Rana ta huɗu, in kun bi Diombos kuka shiga Bandiala, ku tsaya a Diorom Boumag kusa da Toubacouta. Tsibiri ne sukutum na ɓawo, tsayinsa ya haura mita 10, manyan kukoki sun tsiro a kai. Ƙasa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Maƙabarta ce, ba a tona ba a ɗauka. Daf da faɗuwar rana matuƙi zai kai ku wani ɗan kurmi a tsakiyar ruwa inda balbela da zalɓe da kwasakwasa ke taruwa kwana. A kashe injin, a rage murya.

Rana ta biyar Sipo da Bamboung, mashigin da ƙauyuka suka haɗu suka hana kamun kifi a cikinsa, aka tabbatar da shi a 2004. Ta shida Missirah, mai ƙaton rimin nan da ake zuwa gani, daga nan mota zuwa Toubacouta.

Ka bar yini guda ba komai a cikinsa. Ruwa ko iska za su ci shi.

Mataki na bakwai: salla, ci, da zama da mutane

Ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar da haka, ya kuma halatta mushensa. Saboda haka a yi alwala da shi a bar na gora don sha. A mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kawa da jatan lande da ƙaguwa duka, sai dai baƙon ciki ya ci dafaffe. Alƙibla kusan yadda take a Yamai ce, gabas da ɗan karkata arewa. Amma jirgin da ke kan anga yana juyawa in ruwa ya juya, inda ka fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar, sai ka sake dubawa kowace salla. In gari yana kusa, a sauka a bi jam'i, nan ne ma ake saurin sabawa da mutane. Hukuncin ƙasaru ka tambayi malaminka kafin tashi, ka faɗa masa kwana nawa za ku yi a kowane zango.

Abinci shinkafa da kifi ne, cebujen, yau da gobe. Akwai zoɓo, da ruwan ƴaƴan kuka, da wani kore da ake yi da ditak, ɗan'uwan taura, wanda kakarsa ke nan. Shayi zagaye uku ne kamar namu. Kilishi da ƙuli-ƙuli daga gida suna ceton wanda kifi ya gundura, suna kuma yin tsaraba mai daraja ga mai masauki.

In kun sauka ƙauye, a fara gaida dattawan da ke bakin ruwa, a tambayi gidan mai gari. Ba a ɗaukar mata hoto a bakin aiki sai da izini. Wasu kurmi da wasu itatuwa wuraren al'ada ne na Serer, in an ce kada a shiga, shi ke nan. Bayan girbi ƙauyukan Serer sukan yi kokawa da kiɗa da daddare, ɗan Nijar ba ya bukatar a yi masa bayaninta, ka tambayi matuƙi ko akwai wadda za ta faɗo cikin kwanakinku. Leda da gorar roba kuwa a komo da su babban gari.

Mataki na takwas: komowa

Kada ka sa ranar sauka daga jirgin ruwa ta zama ranar tashin jirgin sama. Ka kwana ɗaya a tudu, a Toubacouta ko Kaulaha ko Mbour. In akwai lokaci a hanyar arewa, a ratsa Joal, garin da aka haifi Senghor, shugaban Senegal na farko, a 1906, a taka gadar katako zuwa Fadiouth, inda Musulmi da Kirista ke da maƙabarta guda a kan tudun ɓawo. A wanke takalma da zif ɗin jakunkuna da ruwan daɗi kafin su ci tsatsa. Busasshen kifi da kawa na tsaraba a naɗe su leda biyu a sa cikin kayan da za a auna. Duk wanda zazzaɓi ya kama a makonnin farko bayan an iso Yamai, a kai shi gwajin jini ranar nan, a gaya wa likita inda aka je.